Kaska mai ado a jikin bijimi: wace iri ce, kuma wa da wa take kamawa?

Tambaya: "Salam likita, da fatan an wuni lafiya. Ni a Agege nake zaune, ina ɗan taɓa kiwo a bayan gida, raguna 6 da bijimi ɗaya da na saya a Oko-Oba kwana 12 da suka wuce. Jiya ina wanke shi sai na ga kaska a matsematsinsa da wajen maraina, wasu masu kala kamar an yi musu fenti, wasu kuma manya sun kumbura sun yi duhu. Na ja ɗaya ta ƙi fita sai da ta tsinke. Karen maƙwabcina ma kaska ta cika shi, shi nake zargi gaskiya. Iri ɗaya ce? Za ta kama ragunan da yarana? Wane magani zan saya?"

Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sa albarka a kiwo. In na fahimce ka abu uku kake so ka sani, wace irin kaska ce wannan, su wa take hawa, sannan me za ka yi. Zan bi su a haka, don a aikinmu wanda ya fara da tambayar magani kafin ya san irin kaskar yawanci kuɗinsa ne ke tafiya a banza. Mu a Hausa duk kaska muke ce musu, amma a wajen kiwo ba su zama ɗaya ba ko kaɗan, kowacce da inda take zama, da dabbar da take so, da cutar da take kawowa.

Yadda ka siffanta ta, kala kamar fenti, a matsematsi da maraina, ga ƙin fita in an ja, duk sun nuna min kaskar da a littafi ake kira Amblyomma variegatum. Tsohuwar sananniya ce, tun 1794 wani masanin ƙwari mai suna Fabricius ya rubuta siffarta, kuma tana nan daga Senegal har Habasha, ta gangara har tsakiya da gabashin Afirka. A Najeriya kusan ba garken da za ka shiga da damina ka rasa ta. Tana cikin dangin kaska masu tauri, wato masu wani faranti mai ƙarfi a baya kamar garkuwa, saɓanin kaska mai laushi irin wadda ke ɓuya a tsagar akurkin kaji ta fito da dare ta sha jini ta koma.

Yadda za ka gane ta

Ka samu ɗaya da ranta ka ɗora a kan farar takarda a wajen haske, in wayarka na da kyamara mai kyau ka ɗauka ka buɗe hoton, ni ma haka nake yi in ban fito da madubin ƙara girma ba. Mai adon nan namiji ne. Girmansa bai wuce ƙwayar wake ƙarama ba, garkuwar ta rufe bayansa gaba ɗaya, launinta ruwan goro ne mai ɗan sheƙi, gefe-gefen launin na walƙiya kore-kore ko kamar tagulla in ka juya shi a rana, sannan an ratsa da layuka baƙaƙe. A can ƙarshen baya za ka ga an tsattsaga gefen jikinsa gida-gida kamar bakin faifai, guda 11 ne, kuma a wannan irin duk masu duhu ne ba su da fenti. Wannan wurin ka duba shi da kyau, don akwai 'yar'uwarta ta kudancin Afirka, Amblyomma hebraeum, ita nata gidajen farare ne, da shi ake raba su. Ƙafafu takwas ne, kowace da zobe-zobe mai haske a gaɓoɓi kamar an sa mata warwaro. Ido kuma ƙanana ne guda biyu a gefe, sun ɗan ɓullo kamar ƙananan duwatsun ado.

Sai baki. Bakinta dogo ne sosai in ka kwatanta da sauran, yana da ƙananan haƙora masu kallon baya, kuma in ta kafa shi tana zuba wani abu kamar danƙo da ke daskarewa ya riƙe ta a fata. Shi ya sa da ka ja ta tsinke maka a hannu, kan yana ciki har yanzu, wurin kuma ka sa masa ido don shi ne yake zama ƙurji ya tara mugunya.

Manyan nan masu duhu da suka kumbura ba wata iri ba ce daban, matan ne. Mutane da yawa a kara sun sha yi min gardama a kan wannan, su ce mai ado daban, babbar daban. Macen garkuwarta ƙarama ce, a gaba kawai take kusa da kai, da ɗan fenti kaɗan a ƙarshenta, sauran jikin fata ce mai miƙewa don ta samu wurin zuba jini. In ta ƙoshi tana kai girman dabino, garkuwar ta koma ɗan tabo a gaban wuya. Ka ɗaga ɗaya ka duba ƙarƙashinta, sau da yawa za ka tarar da namijin a manne a cikinta.

Akwai waɗanda ake ruɗa ta da su. Ta farko Hyalomma, ita ma doguwar baki ce, ita ma ƙafafunta na da zobe, amma bayanta baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu ba ado ko ɗigo, ta fi son ƙarƙashin wutsiya da bakin dubura da tsinin jela, kuma ta fi yawa a can arewa inda ake da fari, a jikin raƙuma da shanun da ake saukewa daga Nijar da Chadi. In ta sauka ƙasa gudu gare ta. Ta biyu shuɗiyar kaskar shanu, wadda matanta ke kumbura kamar wake su yi ruwan toka-toka a wuya da kafaɗa, bakinta gajere ne, da ɗan yatsa ma sai ka ɓalle ta. Ita duk rayuwarta a kan saniya ɗaya take yi tun tana ƙarama har ta ƙoshi, ita ce mai kawo ciwon fitsarin jini. Akwai wata danginta da ta shigo Afirka ta Yamma daga baya, Rhipicephalus microplus, a 2007 aka fara gano ta a Kodebuwa, ta bazu har ta iso mana, kuma tana da taurin kai a wajen magani, amma wannan zance ne na wata rana.

Batun karen maƙwabci

Ni dai da ka bar zarginsa. Kaskar da ke cika karnuka a unguwanninmu na Legas kusan kullum ita ce jar kaskar kare, Rhipicephalus sanguineus, ƙarama ce, ruwan ƙasa ja-ja, ba ado, gajeren baki, tana taruwa a kunne da wuya da tsakanin yatsu. Ita kare take so tun tana jaririya har girma, tana hayayyafa a tsagar bango da ƙarƙashin katako, har bango za ka ga tana hawa. Ba ta cika damuwa da shanu ba. Mai ado tana iya hawa kare, musamman ƙanananta, in yana yawo a ciyawar da shanu ke kiwo, amma a ce karen cikin unguwa ne ya kawo wa bijiminka manyan kaska maza da mata, da wuya ƙwarai. Kwana 12 da saye, mazan kuma suna iya zama a jikin sa wata da watanni suna nan daram, matan su yi sati ɗaya zuwa biyu kafin su ƙoshi su faɗi, to ka ga lissafin ya fi nuna da kayansa ya zo, ko daga rugar da ya fito ko daga zaman kara. Kada ka ɓata zumunci da maƙwabcinka a kan wannan, in ma da hali ka ba shi shawara ya nemi maganin karensa, ya kuma yi feshin ɗakin karen don a bango suke.

Su wa take hawa

Nan ne gishirin maganar yake. Wannan kaskar sau uku take cin abinci a rayuwarta, kuma kowane ci a jikin dabba daban, tsakanin ci da ci ƙasa take komawa. Macen da ta ƙoshi ta faɗo, ta nemi gindin ciyawa ko ƙarƙashin ganye mai laima, ta zuba ƙwai har wajen 20,000 sannan ta mutu. Su ƙyanƙyashe 'yan mitsi-mitsi kamar kan allura, ƙafa shida gare su a lokacin, su hau kan ciyawa su yi curi suna jiran mai wucewa. Wanda ya gifta su kama shi, su sha jini 'yan kwanaki, su faɗo, su yi saɓa su zama matasa masu ƙafa takwas kamar ƙwayar riɗi, su sake neman wata dabbar, su sha, su faɗo, su sake saɓa, sai a lokacin su zama manya masu ado. Manyan ba sa hawa ciyawa su jira, suna laɓe a ƙasa ne, in sun ji numfashin dabba da warinta sai su fito su bi ta da ƙafa. A wuraren da damina ɗaya ce a shekara, zagayen nan shekara guda yake ci, manya da farkon damina, jarirai wajen kaka, matasa da rani. A nan kudu da laima ba ta yankewa sosai ina ganinsu kusan ko yaushe, amma daga Afrilu zuwa Yuli abin ya fi yawa.

Manyan sun fi son manyan dabbobi, shanu su ne kan gaba, sai tumaki, awaki, dawaki, jakuna, raƙuma, a daji kuma ɓauna, raƙumin dawa, gadu da manyan namun daji. Ƙananan kuwa ba su da zaɓe, ban da dabbobin gida suna hawa zabbi, fakara, kaji masu yawo, zomo, bushiya, har ƙadangare da damo wani lokaci. Kai, in ka cire kifi, wanda Hausawa suka ce da haushinsa kaska za ta mutu, kusan kowa na iya ɗaukar ƙananan nan. Balbela ma da ke bin shanu tana ɗaukarsu. Kaskar nan ta ƙetare teku tun zamanin jiragen ruwa a jikin shanun da aka kai tsibirin Gwadalup da ke yankin Karebiyan daga Senegal, har yau mutanen can kaskar Senegal suke ce mata, kuma masana na ganin balbela na cikin abin da ya taimaka ta bazu zuwa sauran tsibiran yankin. Na kawo wannan ne don ka ga cewa wanke sa ɗaya ba ya gama zancen, mafi yawan rayuwarta ba a jikinsa take ba.

Wani abu da ke ba ni sha'awa da ita, mazan ne ke fara kafa baki, bayan 'yan kwanaki sai su fara fitar da wani wari da ke kiran sauran maza da mata, macen ba ta yarda ta zauna inda ba namiji. Shi ya sa kake ganinsu cunkushe wuri ɗaya, a fatar da ke reto ƙarƙashin wuya, ƙirji, hammata, matsematsi, hantsa, maraina da ƙarƙashin wutsiya. Binciken da aka yi a Kamaru da Burkina Faso ya nuna da yawansu a tsakanin kofato suke fara maƙalewa lokacin kiwo, sai dabbar ta kwanta su hauro ciki, daga nan aka fito da dabarar ramin wanke ƙafa da ruwan magani a ƙofar garke da yamma. A raguna da awaki kuwa tsakanin kofaton nan ka fi samunsu, rago ya fara ɗingishi a yi ta yi masa allura, ashe kaska ce biyu ko uku a tsagar ƙafa.

Abin da take jawowa

Shan jini shi ne ƙarami a ɓarnarta. Raunin bakinta na lalata fata, ƙuda ya bi ya sa tsutsa, saniya ta rasa kan nono ɗaya ko biyu, bijimi maraina su kumbura. Sai kirci, wanda kowane makiyayi ya sani, ɓawon nan mai tauri da ke fitowa a baya gashi ya tsaya kamar burushi. Ƙwayar kirci ba kaskar ce ke zuba ta ba, amma yawun manyan na raunana garkuwar jikin dabba, shi ya sa garken da ta yi wa yawa da damina kircinsa ke yin muni, kuma in an rage kaskar kirci ma ya ragu. Bunaji da Bokolo sun fi jin jiki a kan ƙananan shanun kudu irin Muturu.

Wanda ya fi tayar min da hankali saboda ragunanka shi ne ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, ƙwayarsa Ehrlichia ruminantium. Kaskar na ɗaukarta tana ƙarama a jikin wata dabba, ta riƙe ta har bayan saɓa, ta zuba wa ta gaba. Kamar sati biyu bayan cizo rago ya yi zazzaɓi mai zafi sama da 41 a ma'auni, ya bar ci, ya fara tauna baki ba komai, yana ɗaga ƙafa sama-sama in yana tafiya, ko yana zagaye, ƙarshe ya faɗi ya karkata wuya baya yana harba ƙafa. Na taɓa zuwa wajen wani dattijo a ɓangaren Mile 12, Balami ne babba ya turka tun watanni don layya, yara na yanko masa ɗanyar ciyawa a bakin wani fili da shanu ke bi, da safe ya kira ni wai ragon ya samu iska. Ko da na isa ya riga ya kwanta yana shure-shure. Na buɗe tsakanin kofatonsa na baya, ga matasan kaska nan uku. Bai kai azahar ba, da aka buɗe shi ruwa ne ruwan ɗorawa fal a jakar zuciya da ƙirji. Dattijon nan ya daɗe tsaye bai ce komai ba, ni ma abin ya zauna min a rai, don da tun ranar da ya bar cin dusa aka sa masa ma'aunin zafi da allurar oksitetrasaiklin tana iya cetonsa. Ragunan da aka kawo daga busassun wurare su suka fi faɗawa, tunda ba su saba da cutar tun suna ƙanana ba.

Yaranka kuma, eh tana cizon mutum, yawanci ƙananan, a ƙafa ko matsematsi ko bayan gwiwa. Tana iya sa wani zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa, wurin cizon ya yi baƙin ɓawo da ja a kewaye, ƙwayarsa Rickettsia africae, yana jin magani in an je asibiti an faɗa wa likita cewa kaska ce ta ciji yaron, kada a tsaya ana ta shan maganin maleriya. Akwai ma wata ƙwayar bairos da aka fara samu a jikin wannan kaskar a Ibadan a 1964, aka sa mata sunan Dugbe. Kuma don Allah a daina fasa kaska da farce ko a tsakanin yatsu, musamman mahauta da yaran kara, don Hyalomma da na ambata ita ke ɗauke da zazzaɓin nan mai sa zubar jini na Kirimiya da Kongo.

Abin da zan yi in ni ne kai

Sa ɗaya ne da raguna shida, hannu ya fi komai. A kayar da shi ko a ɗaure shi da kyau, ka sa safar hannu ko leda, ka kama kaskar da hantsaki daf da fata ka ja a hankali a miƙe ba fizga, ka jefa a kwalba mai kananzir ko sifirit, ka goge wurin da aidin. Ka fara da matan da suka kumbura yau ɗin nan kafin su faɗo, amma kada ka bar mazan don ƙanana ne, su ne masu kiran sauran. Bayan nan a yi wanka ko feshi da maganin kaska na dabbobi, irin mai amitaraz ko saifametirin, ko na zubawa a gadon baya mai fulumetirin, a bi awon da ke jikin kwalba, a tabbatar ruwan ya shiga hammata da matsematsi da kofato, don yawancin masu feshi baya kawai suke jiƙawa inda ba ta zama. Amitaraz ba a sa wa doki ko jaki, yana iya kashe su. Allurar ibamektin da kowa ke gudu ya saya ba ta cika gamawa da wannan irin ba, ban dogara da ita ita kaɗai. Baƙin mai da maganin feshin gona da na sauro kuwa a bar su, na ga fatar da suka ƙone, na ga ragon da suka kashe, ga shi naman mutane za su ci. Ka duba kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka ko shan nono ka kiyaye su.

Ka raba bijimin da ragunan na sati biyu zuwa uku, ka share wurin ka ƙona sharar, in akwai ciyawa a gefen katanga a nome ta. In filin siminti ne ka ji daɗi, wannan irin ba ta iya riƙe gida kamar ta kare, sai ta samu ciyawa da laima. Ɗanyar ciyawar bakin kwalbati da gefen titin jirgi, in dole ne a baza ta a rana ta yi kwana biyu, harawa da ƙowa da dusa sun fi kwanciyar hankali. Kowace safiya ka ɗaga ƙafafun ragunan ka duba, ka sayi ma'aunin zafi a kemis, duk wanda ya bar ci ko ya haura 40 ka kira likita ranar, ba gobe ba.

Duk abin da na faɗa a kan bayaninka na gina shi, ban ga dabbar da idona ba, kuma sa ɗaya na iya ɗaukar iri uku a lokaci guda, ƙananan ma sai da madubin asibiti ake raba su. Ka zuba huɗu ko biyar a ƙaramar kwalba da sifirit, mai ado da kumburarra da duk wata da ta bambanta, ka rubuta inda ka cire kowacce a jiki, ka kai wa likitocin dabbobi da ke kwatar Oko-Oba tunda kusa da kai suke, su duba maka su kuma duba wurin da kan nan ya tsinke a ciki.